Azyab: Iskar Jidda da Ba Ta Cikin Hausar Iyayenmu

Duk wanda ya tashi a Jidda, a Karantina ne ko Sabil ko Hindawiyya, ya san azyab. Ita ce iskar da ke tasowa daga kudu, mai zafi da danshi, galibi daga ƙarshen sanyi zuwa farkon zafi. Sai ta tayar da ƙura, jiki ya yi ta maƙo, tekun Bahar Maliya ya hargitse, masunta su ɗaure jiragensu. Masu asma kuwa, Allah Sarki, ranar sai zaman ɗaki.

Kalmar ba ta yau ba ce. Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya kawo ta a ƙamus ɗinsa Lisanul Arab. Ya ce a bakin ƙabilar Huzailu azyab na nufin iskar kudu, kuma mutanen Yaman da matuƙan jiragen ruwa tsakanin Jidda da Aden ba su san ta da wani suna ba. A tsallaken teku ma, a tsohon harshen Habasha, Ge'ez, "azeb" na nufin kudu, shi ya sa Habashawa ke kiran Sarauniyar Saba'i "Sarauniyar Azeb".

To, ni abin da ke damuna shi ne namu ɓangaren. Iyayenmu sun zo daga Kano, Katsina da Maradi da nasu sunayen: hunturu, hazo, guguwa, bazara. In azyab ta taso za ka ji tsoho ya ce, "Yau hazo ya sauka." Ƙurar kam ɗaya ce, amma iskar daban. Hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, daga Sahara, tun Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, busasshe mai sanyi, yana fasa leɓe da dunduniya. Azyab kuwa gumi take sa ka.

Mu da aka haifa a nan, azyab muka sani a jikinmu, hunturu kuwa sai a labari. Ƙannenmu da yawa wallahi ko kalmar ba su taɓa ji ba. In kaka ta ce an haife ta "da hunturu", yaron bai gane lokacin da take nufi ba, kuma tarihin gida ke nan yake zubewa.

Shawarata, 'yan'uwa, mu riƙe duka biyun. Mu koya wa tsofaffi azyab, mu kuma zauna su koya mana sunayen iskokin gida tun suna raye.