Fankiriyas da Saifa: Aikin Narkar da Abinci da Daidaita Sukarin Jini

A wasu fassarorin Hausa na bayanan lafiya akan ce ciwon sukari daga saifa yake tasowa. Halittar da ake nufi ita ce fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, tsawonta kimanin santimita 15. Kanta yana cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma ta kai ga saifa. Wataƙila wannan maƙwabtaka ce ta haifar da ruɗanin. Ita saifa tace jini take yi.

Aikin fankiriyas na farko shi ne narkar da abinci. A ɗauki misalin magidanci a Dagumawa ta ƙaramar hukumar Wudil, wanda ya ci tuwon masara da miyar kuka, da man shanu da tsokar nama. Abincin yakan bar tumbi da tsami mai ƙarfi, sai fankiriyas ta kwararo masa ruwa a hanji, fiye da lita ɗaya a kullum. Ruwan yana ɗauke da bikabonet mai kashe tsamin, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Sinadarin amilas ya farfasa sitacin tuwon, lifas ya narkar da maiƙo da taimakon ruwan matsarmama, tirifsin kuma ya ji da naman. Shi tirifsin ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Idan ya farka tun yana cikin fankiriyas, ita zai fara ci, ta kumbura.

Aiki na biyu yana hannun wasu ƴan tsibiran ƙwayoyin halitta da Paul Langerhans ya gano a Balin a 1869, waɗanda ba su wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba. Idan sukarin tuwon ya shiga jini, sai su saki insulin domin tsoka da hanta su karɓe shi. Idan kuwa ya yi ƙasa, kamar da la'asar a watan azumi, sai su saki gulukagon, hanta ta fito da abin da ta adana. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, ya kamu da ciwon sukari. A 1921 Banting da Best suka tato insulin a Toronto ta ƙasar Kanada.

Batun suna ba ƙarami ba ne a ƙasar Hausa, inda kumburin saifa sanadiyyar zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini sanannen abu ne. Majinyacin da aka gaya wa saifarsa ce ta gaza yana iya komawa gida neman maganin saifa, alhali matsalar insulin ke damunsa.