Ire-iren Mulki a Ƙasar Girka ta Da da Sarautar Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana muhawara tsakanin ɗalibai a kan mulki, akan ji wani ya ce Girkawa su ne suka koya wa duniya dimokuraɗiyya, mu kuwa Hausawa ba mu san kome ba sai mulkin mutum ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa maganganun nan biyu duka suna da gyara. Za a fara da bayanin yadda Girkawa suka karkasa mulki, sa'an nan a ɗauki ma'auninsu a gwada shi a kan sarautar da aka sani a ƙasashen Katsina da Gobir da Zamfara.

Biranen Girka

Ƙasar Girka ta da ba daula ɗaya ba ce. Birane ne barjat, kowane yana cin gashin kansa, da dokokinsa da dakarunsa, kamar dai yadda Kano da Katsina da Zazzau suke kafin jihadi. Saboda haka tsarin mulkinsu ya sha bamban daga wannan birni zuwa wancan. Masanin nan Aristo, wanda malamanmu suka sani ta hanyar littattafan Larabci, ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma shi da almajiransa sun tattara bayanin tsarin mulkin birane 158.

Aristo ya yi tambayoyi biyu. Ta farko, mutum nawa ne ke riƙe da ragama: ɗaya ne, ko 'yan kaɗan, ko jama'a masu yawa? Ta biyu, don amfanin wa ake mulkin? Idan mutum ɗaya ya yi mulki don amfanin kowa, wannan ita ce sarauta. Idan don kansa ya yi, ya zama kama-karya. Idan 'yan kaɗan nagari suka riƙe gari, mulkin dattawa ke nan. Idan suka karkata ga aljihunsu, ya zama mulkin attajirai. Haka kuma jama'a na iya mulki bisa doka, ko su bi son zuciyar masu rinjaye. Abin lura shi ne wannan na ƙarshe, wato gurɓataccen, shi ne Aristo ya kira dimokuraɗiyya.

Atina da Isparta

Birnin Atina ya ɗanɗana kusan dukkan waɗannan. A 594 kafin haihuwar Annabi Isa, Solon ya soke bautar da ɗan gari saboda bashi. Daga baya Fisistiratus ya ƙwace mulki da ƙarfi. A 508 Kilistanis ya raba jama'a ƙungiya 10, kowace ta ba da mutum 50 ta hanyar ƙuri'a, aka sami majalisar mutum 500 mai shirya abin da babban taron 'yan gari zai yanke hukunci a kai. Har ma suna da al'adar rubuta sunan wanda suke tsoron ƙarfinsa a kan katangar tukunya, wanda sunansa ya fi yawa a kore shi daga gari shekara 10. Amma fa mata da bayi da baƙi ba su da bakin magana, alhali su ne mafi yawan mazauna birnin. Kuma kotun jama'a ce ta yanke wa Sukurat hukuncin kisa a 399.

Isparta kuwa sarakuna biyu gare ta lokaci guda, daga gidaje biyu. Tare da su akwai majalisar dattawa 28, kowanensu ya kai shekara 60, da wasu masu sa ido su 5 da ake zaɓa duk shekara, waɗanda ke da ikon gurfanar da sarki gaban shari'a. Masanan Girka da dama sun yaba wannan tsari, domin ya gauraya iri-irin mulki yadda kowane sashe ke taka wa ɗan'uwansa burki.

Sarautar Hausa a Wannan Ma'auni

Wanda ya tashi a yankin Mada ba ya bukatar tafiya nesa kafin ya ga tarihin sarauta a sunayen da ke kewaye da shi. Sarkin Gusau, garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, ana kiransa Sarkin Katsina, domin yankin yana cikin ƙasar Katsina Laka. Na Tsafe 'Yandoto ake ce masa, sunan tsohon garin malamai. Na Bunguɗu kuwa Sarkin Fulani ne. Tun da ƙasar Katsina ce asalin yankin, ya kamata a duba yadda Katsinawa ke mulki.

A tsohon tsarin Katsina, wanda zuriyar sarakunanta suka ci gaba da shi a Maraɗi bayan jihadi, akwai manyan fada huɗu da ake kira rukuni: Ƙaura, mai jagorancin yaƙi, da Galadima, da 'Yanɗaka, da Durɓi, wanda ya fito daga tsohon gidan sarautar Durɓawa. Su ke zaɓen sarki daga cikin 'ya'yan sarauta, suna kuma iya tuɓe shi. A Gobir akwai Tara ta Gobir masu irin wannan aiki, ga kuma Inna, mace mai babban matsayi a fada. A Kano, Tarihin Kano ya danganta kafa Tara ta Kano ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ashe ke nan sarautar Hausa ta fi kusa da gaurayayyen tsarin Isparta fiye da mulkin mutum ɗaya tsantsa.

Abin da babu shi a nan shi ne taro irin na Atina, inda talaka ke ɗaga hannu a ƙirga da shi. Talakan Hausa yana da hanyoyi biyu: ya kwashe iyalinsa ya ƙaura zuwa ƙasar wani sarki, ko malamai su faɗi abin da ke ransa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin hijirarsa ta 1804. A littafinsa Kitabul Farƙi ya soki gadon sarauta ba tare da shawara ba, da haraji irin su jangali da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Shehu a kan shari'a ya kafa hujjarsa, amma tambayar ita ce dai wadda Aristo ya yi: don amfanin wa ake mulki?

Zuwan Turawa a 1903 ya sauya wannan ma'auni. A tsarin En'e, Razdan da Gwamna suka zama masu tabbatar da sarki da tuɓe shi, sai ƙarfin manyan fada ya ragu, sarki ya sami iko a kan talakawa wanda kakanninsa ba su samu ba. Yawancin abin da ake ɗauka shi ne sarautar gargajiya, hoton wannan zamani ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sunan tsari ba ya isa a yanke masa hukunci. Atina ta kira nata mulkin jama'a, alhali mafi yawan mutanenta suna waje. Katsina ta kira nata sarauta, alhali mutum huɗu na iya raba sarki da gadonsa. Don haka ɗalibin da zai nazarci mulki, na da ko na yanzu, sai ya fara da binciken wanda ke da ikon ce wa mai mulki a'a, da abin da ke samun wanda ya faɗa.