Dutsen Madagaska da a da sai teku ya janye ake haƙo shi

A duk lokacin da aka buɗe kasuwar baje kolin duwatsu ta birnin Tucson da ke jihar Arizona a Amurka, wadda ake yi a farkon kowace shekara, akwai wani dutse daga Madagaska da masu tara ma'adinai ke yi wa rububi.

Ba lu'ulu'u ba ne, ba kuma ya cikin duwatsun da ake ɗora wa kan zoben zinare mai tsada. Abin da ke jan hankalin masu saye shi ne zanen da ke jikinsa: ƙananan da'irori masu kama da idanu, wata cikin wata, da launin kore da fari da ruwan ɗorawa da ja, wani lokaci har da ruwan hoda.

'Yan kasuwa dai sun laƙaba masa suna Ocean Jasper, saboda a bakin teku aka samo shi.

Yadda aka gano shi

Tun a shekarar 1922 wani Bafaranshe masanin ma'adinai, Alfred Lacroix, ya ambaci irin wannan dutse a littafinsa kan ma'adinan Madagaska, lokacin tsibirin na ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Daga baya sai wurin da ake samunsa ya ɓace wa masu nema.

Sai a shekarar 1999 ne wani ɗan kasuwar duwatsu mai suna Paul Obeniche ya sake gano shi, bayan ya bi gaɓar arewa maso yammacin tsibirin, kusa da ƙauyen Marovato a gundumar Analalava.

Dalilin ɓacewar kuwa shi ne ruwan teku yakan cika ya kuma janye sau biyu a kowace rana, kuma zirin dutsen yana daidai wurin da ruwa ke rufewa. Idan ruwa ya cika babu abin da ake gani. A wancan lokacin, ma'aikata sai sun jira ya janye kafin su shiga aiki, sannan su loda abin da suka fasa a kwale-kwale, domin babu hanyar mota zuwa wurin.

A shekara ta 2000 aka fara nuna shi a Tucson.

Daga ina zanen ya fito?

Ana yawan cewa asalin dutsen narkakken dutse ne na aman wuta, mai yawan sinadarin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. A lokacin da yake hucewa, wasu siraran ƙwayoyi masu kama da allura sukan fara tsirowa daga ɗigo guda, suna bazuwa ta ko'ina har su zama dunƙule kamar ƙwallo. Daga baya ruwa mai ɗauke da silika ya ratsa dutsen, ya cike ƙofofinsa, ya ƙara masa tauri.

Idan aka yanka dutsen aka goge shi, waɗannan ƙwallaye ne ke bayyana a matsayin da'irori. Ja da ruwan ɗorawa kuwa burbushin ƙarfe ne ke kawo su. A wasu gutsattsarin akan tarar da ƙananan ramuka da farar ƙanƙara mai walƙiya ta lulluɓe.

Da yake babu wurare biyu da suka huce iri ɗaya, da wuya a sami guda biyu masu zane ɗaya, kuma a nan ne darajarsa take.

Zirin farko ya ƙare

Shekara shida kacal aka yi ana cin moriyar zirin farko, domin a shekarar 2006 ya ƙare. An gano wasu a kusa da wurin daga baya, sai dai kowanne da irin launinsa da girman da'irorinsa, abin da ya sa masu tara duwatsu ke biyan kuɗi fiye da kima a kan wanda aka haƙo a shekarun farko.

Wannan tsada ta jawo matsala. A kasuwannin intanet akan sayar da wasu duwatsu masu ɗigo-ɗigo daga wasu wurare, har da waɗanda aka rina, da sunan na Marovato, kuma ba kowane mai saye ne zai iya bambancewa daga hoto ba.

Akwai kuma masu tallata shi da cewa yana kwantar da hankali ko yana magani. Babu wata hujjar kimiyya da ta tabbatar da hakan.

A ɓangaren Madagaska kuwa, ƙasar da Bankin Duniya ya ce kimanin kashi uku cikin huɗu na jama'arta na fama da talauci, wannan ba shi ne karon farko da dutse ya ja hankalin ƙasashen waje ba. A shekarar 1998 dubban mutane sun kwarara garin Ilakaka da ke kudu bayan an gano shuɗin yaƙutu. Kamar a can, a nan ma farashin kan ninka ne bayan dutsen ya bar hannun wanda ya fasa shi, ya isa teburan 'yan kasuwa a Amurka da Turai.