ƘARFIN MUTUM A TSAKIYARSA YA KE

Duk wanda ya ratsa Aliero lokacin albasa ya ga 'yan dako suna loda manyan buhuna a mota tun hantsi har la'asar. A cikinsu sai ka ga ƙato mai damtse kamar taɓarya, kafin azahar ya koma gindin itace dafe da kwankwaso, ga wani siriri kuwa ya wuni yana ɗauka, gobe ya dawo garau. Haka kuma a filin kokawa na ƙauyukan Maiyama bayan kaka, sau da yawa ƙaramin ɗan kokawa ya kan kai babba ƙasa. To, ina asirin abin ya ke? Mu dai mun ce yana tsakanin haƙarƙari da ƙugu.

Hausawa ba su yi kuskure ba da su ka ce gangar jiki. Cikin mutum kamar ganga ya ke. Daga sama akwai tsokar numfashi shimfiɗe ƙarƙashin huhu, daga ƙasa akwai tsokar da ta tare mara, sa'an nan ga waɗansu sun kewaye ciki da kuiɓi kamar ɗamara, ga ƙanana kuma manne da ƙashin baya. Shi ƙashin bayan nan guntaye 33 ne jere bisa juna, biyar daga cikinsu su ne na kwankwaso, su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. In tsokokin nan su ka ɗaure tare, sai ƙashin ya tsaya kyam, ƙarfin ƙafa ya wuce zuwa hannu ba tare da ya zube a hanya ba. In su ka yi sako-sako, nauyin duka sai ya faɗa wa gaɓoɓin.

A shekarar 1996 waɗansu masana biyu na Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya, Hodges da Richardson, su ka gwada abin. Su ka tarar mai lafiya, kafin ma ya ɗaga hannu, tsokar can ta cikin ciki ta riga ta ɗaure, amma ta mai ciwon baya ta kan makara. Kada a ɗauka ƙaramar magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon kwankwaso a 2020, ba kuwa ciwon da ya fi shi nakasa mutane a duniya. A wurinmu ma'anarsa a fili ta ke. Manomin fadama da baya ya kwantar lokacin dashe ko ban ruwa, ya yi hasarar shekara. Ɗan kabu-kabu da ya kasa zama bisa babur ran kasuwar Jega, gidansa ba a ɗora tukunya.

Aliero ta yi suna wajen ɗori, har daga nesa a ke kawo masu karaya. Amma wannan ciwo galibi ba karaya ba ne, balle a ɗora. Rigakafi ya fi magani, rigakafinsa kuwa ba ya bukatar ko kwabo, tabarma kaɗai ta isa. Ga hanyoyi uku da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya shahara da koyarwa.

Na fari, ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, tafin hannuwa ƙarƙashin kwankwaso. Ka ɗaga kai da kafaɗu kaɗan kawai, ka riƙe.

Na biyu, ka kwanta ta gefe, ka dogara bisa gwiwar hannu, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe kamar sanda. Wanda bai saba ba ya fara da gwiwoyinsa a ƙasa.

Na uku, ka durƙusa bisa hannu da gwiwa, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ba tare da baya ya karkace ba, sa'an nan ka sake gefe.

Kowanne a riƙe kamar daƙiƙa 10, ana numfashi, a huta, a maimaita. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a wata, gama sannu ba ta hana zuwa. Wajen ɗaukar kaya kuma, a matso da buhu kusa da jiki, a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, a ɗaure ciki, a tashi da ƙarfin cinya, kada a murɗa jiki da kaya a hannu. Ɗalibi da ma'aikacin ofis su riƙa tashi suna miƙewa, domin dogon zama wuri ɗaya shi ma yana gajiyar da baya. Tafiya a ƙasa da iyo su ma suna da amfani ƙwarai.

Samarinmu 'yan ƙwallo su ma da rabonsu. A 2006 hukumar FIFA ta fito da wani tsarin motsa jiki na minti 20 kafin wasa, wanda ƙarfafa ciki da ƙugu ke cikinsa. Da aka gwada shi kan 'yan mata matasa a ƙasar Norwe, aka buga sakamako a 2008, raunuka sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Masu koyar da wasa a makarantunmu su lura, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Wanda ciwon bayansa ya zo bayan faɗuwa, ko tare da zazzaɓi da rama, ko ya ji ƙafarsa tana mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari, to, ya bar tabarma ya nufi asibiti ba da jinkiri ba.

Sauran jama'a kuwa, manomi da ɗan dako da ɗan kokawa, muna roƙonku ku ba bayanku minti 10 kowace safiya. Shi ne ke ɗauke da ku, ku kuma ke ɗauke da iyali. Allah ya ba mu lafiya, amin.