Wa Ke Ƙirga Masu Tsallaka Titi?

Idan mota ta buge yaro a bakin kasuwa, bayanin da ake bayarwa bai wuce biyu ba: ko direba ya yi ganganci, ko kwana ya ƙare. Titin kansa ba a cika tuhumarsa ba. Alhali shi ma mutum ne ya zana shi, ya yanke faɗinsa, ya zaɓi inda zai yi kwana da inda za a tsallaka. Wannan shi ne fagen da ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin injiniyan hanyoyi ke bincike a kai, kuma a ganina aikinsu ya fi ƙarfin a bar shi yana shan ƙura a ɗakin karatu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya ne a ƙasa ko masu keke da babur. Afirka, wadda ta fi kowace nahiya ƙarancin motoci, ita ke kan gaba idan aka auna mace-macen da yawan jama'a. Sai dai wannan ƙididdiga ba za ta gaya wa injiniya wace mararraba ce ke cin rai a Kano ko Kaduna ba. Wannan sai wanda ya tsaya a wurin tun asuba, ya ƙirga tirela da adaidaita sahu da masu tallan da ke kutsawa tsakaninsu, ya auna gudun kowace mota, sannan ya kwatanta rajistar hukumar kiyaye haɗurra da ta asibiti, domin wanda ya cika bayan kwana uku a gadon asibiti sau da yawa ba ya shiga lissafin bakin titi. Aikin wahala ne da rana da ƙura, kuma ɗalibi mai neman kammala kundinsa ne ya fi kowa haƙurin yin sa. Abin da irin wannan awo ke nunawa kuwa ba ya jin lallashi: in gudun mota ya ninka, tazarar da za ta ci bayan an taka birki ninki huɗu take zama. Babbar hanya mai santsi da ta ratsa tsakiyar gari irin Tafa ko Mararrabar Jos ita ke kiran gudu, duk allon gargaɗin da aka kafa.

Wani zai ce matsalar ta tarbiyyar direbobi ce. Da gaskiyarsa, amma tun 1988 da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ƙarƙashin shugabancin Wole Soyinka ake wayar da kai, kuma ɗan Adam bai daina gyangyaɗi ko kuskure ba. Majalisar dokokin Siwidin ta amince a 1997 cewa kuskure ba makawa ne, don haka a gina titi yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Suka rage gudu a cikin gari, suka raba hannu biyu da shingen waya. Wani kuma zai ce mu ba mu da kuɗinsu. To ai shi ya sa binciken gida ya zama dole, don ba a kwaso zanen ƙasar da ba ta san amalanke ba. Gadar masu tafiya a ƙasa tana lashe miliyoyi, amma tsohuwa da kaya a ka ba za ta hau ta ba. Tudun rage gudu da fitila da tsibirin tsayawa a tsakiyar titi sun fi araha nesa ba kusa ba, in dai an san inda mutane ke tsallakawa da gaske. A Zariya kaɗai akwai Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya. Abin da ya rage shi ne ma'aikatun ayyuka da irin su KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, su riƙa miƙa wa ɗaliban jerin wuraren da suka dame su, su kuma buɗe kundin bincikensu kafin a ba ɗan kwangila zane.