Idan Aka Ce "Matsakaici", A Duba Ko Lissafin Ya Karkata

Sau da yawa muna jin ana cewa a rediyo ko a wajen taro, "Matsakaicin abin da manomi ya samu bana buhu kaza ne." Mai saurare sai ya ɗauka yawancin manoma haka suka samu. To, ba kullum ne hakan yake zama gaskiya ba.

Yadda ake fitar da matsakaici shi ne a tara abin da kowa ya samu, sannan a raba da yawan mutanen. Ga misali. A ce manoma 5 sun noma masara. Sun samu buhu 8, 9, 10, 11 da 12. In an tara, buhu 50 ke nan. In an raba gida 5, kowa ya tashi da 10. Duba kuma mutumin da yake tsakiyar layi, shi ma 10 ya samu. Biyu suna ƙasa da shi, biyu suna sama da shi, kuma tazararsu ɗaya ce. Wannan lissafi ya daidaita, kamar mangalar da aka zuba wa kaya daidai hagu da dama a bayan jaki.

Yanzu a ce na biyar ɗin babban manomi ne mai tarakta, ya samu buhu 62. Lissafi ya koma 8, 9, 10, 11 da 62. Jimla buhu 100 ne, matsakaici kuwa 20. Amma fa mutum 4 daga cikin 5 babu wanda ya ko kusanci 20. Na tsakiya yana nan da buhunsa 10. Mutum ɗaya ne ya ja lissafin zuwa sama, kamar an jefa dutse a gefe ɗaya na mangala. Wannan shi ne lissafin da ya karkata.

Yana iya karkata zuwa ƙasa ma. A ce ruwa ya cinye gonar mutum ɗaya, aka samu 0, 9, 10, 10 da 11. Jimla 40, matsakaici 8, alhali mutum 4 sun wuce 8.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Wani masanin lissafi na Ingila mai suna Karl Pearson ya yi rubutu a kan karkatar lissafi tun a 1895. An gano cewa tsawon manyan mutane yakan kusan daidaita, domin yawanci suna tsaka-tsaki, dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai kaɗan ne. Amma dukiya takan karkata, domin masu yawa ƙalilan ne, masu kaɗan su ne birjik.

Ina ruwan manomi da wannan? Ruwansa babba ne. A ce ƙungiyar manoman nan za ta karɓi rancen taki, aka yanka wa kowa abin da zai biya bisa zaton yana samun buhu 20. Mai buhu 62 ba zai ji komai ba. Sauran huɗun kuwa sai sun taɓa abincin iyalinsu, ko su sayar da akuya, kafin su fita bashi.

Saboda haka, duk lokacin da aka kawo maka matsakaici a wajen taro, yi abu uku. Na farko, nemi a jera lambobin daga ƙarami zuwa babba. Na biyu, duba na tsakiya. Na uku, gwada shi da matsakaicin. In sun yi kusa da juna, ana iya aiki da matsakaicin. In sun yi nisa, lissafi ya karkata, kuma na tsakiyan ne ya fi nuna halin da yawancin mutane suke ciki. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takarda sai ka yi wannan tambayar. Matambayi ba ya ɓata.