Mai Ƙiba A Gidan Motsa Jiki: Cinikin Da Ba Ya Son Gaggawa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci jiki, ya ba ɗan Adam amanarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin manyan garuruwa, kamar Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, an buɗe waɗansu gidaje da a ke kira gidajen motsa jiki, samari kuwa suna ce musu jim. Mutum ya kan biya kuɗin wata, ya shiga ya wahalar da kansa, ya fito sharkaf da gumi ba ya riƙe da kome. A ciki akwai injin mai shimfiɗa da ke gudu ƙarƙashin ƙafa, a yi ta tafiya a kanta ba a bar wuri ɗaya ba. Akwai keke kafaffe wanda a ke tuƙawa ba ya gusawa. Akwai kuma ƙarafa na ɗagawa, manya da ƙanana. Dattawa da yawa sun ɗauki abin wasan yara ne, har ran da likita ya auna jinin ɗayansu ya ce masa lalle ya rage ƙiba. Sai ya je sau biyu ko sau uku, sa'an nan ya ɗauke ƙafa. Abu biyu ne su ke korarsa, watau kunya da gaggawa.

Yadda zama ya maye gurbin tafiya

Kakannin 'yan kasuwar yau ba su bukaci irin wannan gida ba, gama sana'arsu ita ce motsa jikinsu. Ayarin goro ya kan tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, madugu a gaba, jakuna da 'yan alaro a baya, a yi watanni ana sauka zango ana tashi. Almajiri ya kan tafi gabas da ƙafa, allonsa a rataye. Mai niyyar Hajji ya kan bi ta Barno da Wadai da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, wani ma sai ya yi shekaru bai komo ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sa'an nan motoci suka biyo baya, sai tafiyar ƙasa ta yi ta raguwa.

Jikan madugu yanzu daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kujerar kanti a Kwari ko Singa, yara ne ke ɗauko kaya suna saukewa. Malami kuwa ya kan zauna bisa buzu tun hantsi har azahar yana ba da karatu, ya koma bayan la'asar. Tafiya ta ragu, amma akushi bai ragu ba, har ma an ƙara masa shayi mai madara da sukari, da lemon kwalba, da soye-soye. Abin da ya shiga ciki ba a ƙone shi da aiki ba, jiki ba ya zubar da shi, sai ya mai da shi kitse ya ajiye.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai ya ke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 manyan mutane miliyan 2,500 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga cikinsu kuwa ƙibarsu ta kai matsayin cuta. Daga 1990 zuwa wannan shekara rabon masu irin wannan ƙiba cikin manya ya ninka har ya zarce.

Yadda a ke gane ƙiba ta wuce kima

Likitoci suna da lissafi wanda ba zai gagari mai ciniki ba. A auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a buga tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da ya fito. In an sami 25 ko fiye, nauyi ya wuce kima. In an sami 30 ko fiye, ƙiba ce wadda a ke jin tsoronta. Ga misali, mutum mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 95: tsawon in an buga shi da kansa ya ba da 2.89, in an raba 95 da shi sai a sami kusan 33.

Akwai kuma awon ƙugu, wanda tef ɗin tela ya isa a yi shi. Namiji in ƙugunsa ya wuce santimita 102, mace kuwa 88, to haɗari ya yi yawa. Dalili shi ne kitsen tumbi ba kamar na cinya ko na damtse ba ne. Yana kewaye hanta da hanji, shi ne kuwa ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Mutane sun saba ganin teɓa alamar wadata ce, har a kan yi wa mai ita barka da hutawa. Amma mai ita ya san abin da ya ke ji sa'ad da zai ɗago daga sujada, ko sa'ad da numfashi ya ƙure masa a tsakiyar matakalar bene. Dattawa nawa ne yanzu su ke salla bisa kujera, tun shekarunsu ba su kai na haka ba?

Zancen kunya

Mai ƙiba in ya shiga gidan motsa jiki, abin da ya fara tarar da shi madubi ne, da samari sa'o'in 'ya'yansa masu ɗaga ƙarfe kamar ba kome. Shi kuwa mutum ne wanda a ke durƙusa masa a kasuwa, ko a ke ɗaukar karatu a gabansa. Ga shi ya tuɓe babbar riga, yana haki bayan minti biyar, wani yaro yana nuna masa yadda zai taka. Sai zuciya ta ce masa girma ya faɗi.

To, malamai sun fi kowa sanin cewa motsa jiki bai taɓa zubar da girman kowa ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta tsere masa. Bayan wani zamani, da ta yi jiki, suka sake, shi kuma ya tsere mata. An kuma ruwaito ya yi kokawa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi cikin Ƙuraishawa, ya kā da shi. Aikin Hajji kansa da ƙafa a ke yinsa: safa da marwa kaɗai, zuwa da komowa sau bakwai, sun kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Wanda ya ji kunyar haki a gaban yara goma yau, gobe a keken guragu za a tura shi a gaban dubbai.

Kunyar da ta ke da tushe ita ce ta tsiraici da cuɗanya, wannan kuwa tana da magani. Wando mai sauka ƙasa da gwiwa da taguwa mai yalwa sun isa a yi kowane motsi da su. Waɗansu gidaje sun ware wa mata lokacinsu ko ɗakinsu, ya kamata a tambaya tun kafin a biya. Mai jin nauyin idon jama'a ya zaɓi sa'ar da wurin ba ya cika, ko ya tafi da abokinsa tsaransa, gama tafiyar mutum biyu ta fi daɗewa.

Zancen gaggawa

Gaggawa ta fi kunya ɓarna. Mutum ya yi mako biyu yana gumi, ya hau ma'auni ya ga allura ba ta motsa ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, lissafin ne bai sani ba.

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana ƙidaya shi da wani awo mai suna kalori. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mutumin nan mai kilo 95, in ya yi tafiyar sauri ta rabin sa'a bisa injin, abin da zai ƙone bai wuce wajen kalori 200 ba. Watau sai ya yi kusan kwana 40 yana haka kafin kilo ɗaya ya tafi, in bai ƙara ko loma ɗaya bisa abincinsa ba. Lemon kwalba mai zaƙi na rabin lita kuwa yana da kalori wajen 210, sukarin da ke cikinsa ya kai ƙwaya 13. Wanda ya sauko daga injin ya sha guda ɗaya don ya kashe ƙishirwa, ya mayar da abin da ya fitar har da ɗoriya. Kowane ɗan kasuwa ya san kantin da kaya ke shiga fiye da yadda su ke fita, ba ya rabuwa da kwantai. Har ila yau motsa jiki ya kan buɗe ciki, mutum ya ƙara ci bai sani ba. Saboda haka rage ƙiba a akushi a ke fara shi. Ma'aunin da hadisin Tirmizi ya nuna, na raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, ya ishi mai hankali.

Gumi kuma ba kitse ba ne, ruwa ne. Masu naɗe ciki da leda ko sa riguna masu kauri don su yi gumi, ruwan jikinsu kawai su ke zubarwa, da sun sha ya komo. A bazara, sa'ad da zafin Kano ya kan wuce awo 40, wannan yana iya kai mutum ga suma. Haka nan jiƙe-jiƙen rage tumbi da a ke talla, mafi yawansu gudawa su ke sawa ko yawan fitsari, kitse yana nan inda ya ke. Akwai allurar zamani mai rage son abinci, irin su Wegovy, wadda aka yarda da ita a Amurka a 2021. Tana aiki, amma tana da tsada, sai da izinin likita, in an daina kuma nauyi ya kan komo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami jabun irin wannan magani a kasuwa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Inda ribar ta ke

In haka ne, mene ne amfanin injin da keke? Amfaninsu babba ne, sai dai ba duka ma'auni ke nuna shi ba. Tsoka in ta yi aiki tana janye sukari daga jini. Zuciya tana ƙarfi, hawan jini yana sassautawa, barci yana daɗi. Kitsen nan na cikin tumbi yana raguwa ko da nauyi bai sauka sosai ba, shi ya sa tazuge ya kan riga ma'auni ba da labari. Ɗaga ƙarfe kuwa yana tsare tsoka, don kada ta zube tare da kitse sa'ad da aka rage ci. An kuma lura waɗanda suka rage nauyi suka riƙe shi shekara da shekaru, galibinsu masu motsa jiki ne a kai a kai.

Ba sai mutum ya koma kamar saurayi ba kafin ya ci riba. A 2002 aka bayyana wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya hau amma bai kai ciwo ba. Waɗansu aka ba su ƙwayar metformin, waɗansu aka sa su gyara ci, su yi motsi na minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Cikin wajen shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 31 cikin 100 ga masu ƙwaya, ga masu motsi da gyaran ci kuwa da kashi 58. Ga mai kilo 95, kashi 7 bai kai kilo 7 ba. Wani bincike kuma na 2005, kan tsofaffi masu ciwon gwiwa, ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taki. Wannan bushara ce ga mai son ya koma yin sujada da goshinsa a ƙasa.

Yadda a ke farawa

Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ciwo a ƙirji, ya fara ganin likita tukuna. Mai allurar insulin ya tambayi yadda zai yi, gama motsi yana iya kā da sukari ƙasa ƙwarai. Sa'an nan a fara da kaɗan, minti 10 ko 15, ana ƙarawa mako bayan mako har a kai rabin sa'a, kwana biyar a mako. Wannan shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mafi ƙaranci ga babba, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Mai nauyi ya bar gudu da tsalle tukuna, ya riƙi tafiya da keke, don sun fi sauƙi ga gwiwa. Alamar daidai ita ce numfashi ya ƙaru amma mutum yana iya magana. In ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da likitoci suka fi yarda da ita. Hawa ma'auni sau ɗaya a mako ya isa, da safe, kafin a karya kumallo. Bayan asuba da bayan la'asar sun fi sanyi, da azumi kuwa a bari sai an sha ruwa. Wanda ba shi da kuɗin wata, ko garinsu babu irin wannan gida, bai yi hasara ba: ya ajiye mota nesa da kasuwa, ya taka zuwa masallacin Juma'a, ya kewaya unguwa da sassarfa kafin rana ta ɗaga. Injin ba kome ba ne illa hanya da aka shigo da ita ɗaki.

Fatake ba su taɓa isa Gwanja rana ɗaya ba, kuma madugu ba ya juya ayari don zangon farko bai ga goro ba. Kitsen da aka tara cikin shekara ashirin ba ya narkewa cikin mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu ita, ya sa a yi amfani da ita wajen bautarsa da neman halal. Amin.